Jirgin Caroline da Katin Zaɓi Sonka

A 1964 tashar Caroline ta fara watsa waƙoƙin zamani daga cikin jirgi a teku, wajen iyakar Ingila, domin BBC na yi musu rowar lokaci. Dokar 1967 ta kashe yawancin irin waɗannan tashoshi, amma tsofaffin masu sauraro suna tuna jerin waƙoƙi 40 na tashar London. Jerin nan zaɓin ma'aikata ne, ba cinikin faifai ba, don haka shaidarsa kan son jama'a mai rauni ce.

Gaya ba ta da teku, sai kogin Isa, amma ta san muryar da ke tsallako iyaka ba takardar duwan. Kafin tashoshi masu zaman kansu su bayyana a Nijar a 1994, mai akwatin rediyo kan murɗa daga Muryar Sahel zuwa Kaduna, ya tarar da Shata ko Ɗan Maraya. A Zaɓi Sonka ba a jera waƙa ta ɗaya da ta biyu. Kati ke kiranta, ɗauke da sunayen dangi da abokai da kan cinye lokacinta. Ƙungiyoyin al'adu sun fi kula da faya-fayan, katunan kuwa su ke nuna wa ya zaɓa, daga wane gari.