Masomin Mai Zanen Gini: Nazari a kan Ginin Hikma na Dandaji da Darasinsa ga Damargu

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, tun kaka da kakanni, ba a zama magini dare ɗaya. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, daga nan ya koyi curin tubali da jefa shi ga wanda ke bisa bango, sannan a bar shi ya yi yaɓe. Sai ya shekara da shekaru a hannun ubangidansa kafin a amince masa ya jera azara, ko ya tayar da bakan gizo, ko ya yi ɗaurin guga. A saman wannan tsari akwai Sarkin Magina, wanda ke raba aiki, yake kuma tsawata wa mai ha'inci. Daga irin wannan makaranta ce Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya fito har ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19.

A yau wata sana'a ta shigo tsakanin mai gida da magini, wato sana'ar mai zanen gini, wanda Faransawa ke ce wa arshitekt. Shi yakan fito daga makaranta da difloma, ko dai daga makarantar EAMAU ta Lome wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka kafa a tsakiyar shekarun 1970, ko daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko daga Turai da Amurka. Abin tambaya shi ne: ta yaya matashi mai difloma yake zama gwani? Wannan nazari zai duba tambayar ta hanyar aikin wani ƙaramin ofishin zane na Yamai, da ginin da ya ɗaukaka sunansa, sannan ya auna darasin da ma'aunin Damargu.

Ofishin da aka raɗa wa suna Masomi

An haifi Mariam Issoufou Kamara a 1979, ta kuma tashi a Nijar. Karatunta na farko na kwamfuta ne, a Amurka, kuma ta yi shekaru tana aiki a wannan fanni kafin ta koma aji, ta kammala karatun zanen gini a Jami'ar Washington a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, ta sa masa suna atelier masōmī. Kalmar ta Hausa ce, daga “soma” aka samo ta, kuma ta dace da halin da ofishin yake ciki a wancan lokacin: ma'aikata ƴan kaɗan, galibinsu matasa, a ƙasar da mafi yawan masu gini ba su saba biyan kuɗin zane ba.

Aikinta na farko da ya ja hankali shi ne gidajen Niamey 2000, waɗanda aka gama a 2016 tare da abokan aiki uku, Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter. Gidaje shida ne masu bene, an gina su da tubalin ƙasa wanda injin matsi ke dannewa. Niyyarsu ita ce a nuna wa ma'aikacin birni cewa ginin ƙasa ba alamar talauci ba ne, kuma ya fi bulon siminti da rufin kwano sanyi a lokacin bazara.

Hikma: abin da ginin ya cim ma

Dandaji ƙauye ne a jihar Tawa. Tsohon masallacinsa na ƙasa ya tsufa, jama'a kuma suna son sabo wanda zai fi shi girma. Abin da aka saba gani a irin wannan hali shi ne a rushe tsoho a dasa na siminti a gurbinsa. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun ba da wata shawara daban: a gyara tsohon masallacin a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 a kusa da shi, a haɗa su da fili guda. An gama aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza.

Abu uku ne suka cancanci yabo a nan. Na ɗaya, an gina sabon masallacin da jar ƙasar yankin, an taƙaita siminti ga wuraren da ke ɗauke da nauyi, saboda haka kuɗin aiki da yawa sun tsaya a hannun mutanen wurin. Na biyu, ɗakin karatun ya buɗe ƙofa ga ƴan makaranta da mata masu yaƙi da jahilci, a harabar da a da maza suka fi zirga-zirga. Na uku, wanda kuma shi ne ya fi shafar batun wannan nazari, an gayyato maginan da suka yi aikin tsohon masallacin suka shiga cikin gyaransa.

Wannan gayyata ba ƙaramar magana ba ce, domin jihar Tawa ƙasar magina ce. A can ne Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma masallacin Yama a 1962, ya sake rufinsa da baka da ƙubba daga 1975, ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Ashe ke nan ƴan boko biyu da suka zo Dandaji da taswira sun tarar da makarantar da ta riga su. Su suka kawo lissafin nauyi da injin matsi da sabon tsarin haske da iska. Magina kuwa su suka san halin ƙasar kowane kududdufi, da lokacin da bango ke shan ruwa, da yadda baka ke zama idan an ɗora masa kaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A nan ne fa'idar ƙaramin ofishi take bayyana. A babban kamfani, sabon ma'aikaci kan iya shafe shekaru yana zanen tagogi da matakala a gaban kwamfuta, bai taɓa jin ƙorafin mai gida ba. A ofishin mutum biyar ko shida kuwa, wanda ya yi zane shi zai zauna da dattawan gari, shi zai yi cinikin kaya, shi zai tsaya a wurin gini ya ga kuskurensa ya zama bango. Wahala ce, amma ita ce ta fi kama da tarbiyyar yaron magini, wanda ke bin aiki tun daga kwaɓi har zuwa zanko.

Inda yabo ya kamata ya tsaya

Sai dai duk wanda zai kafa wa matasa misali da wannan tarihi, wajibi ne ya faɗi ɗaya gefen. Da farko, ɗaukakar ofishin daga waje ta zo. A 2017 zanen Hikma ya ci lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a rukunin Afirka da Gabas ta Tsakiya, a 2018 kuma ya ci ta azurfa a duniya baki ɗaya. Abin lura, gidauniyar ta kamfanin siminti ce, ita ce kuma ta karrama ginin ƙasa a lokacin da birane da ƙauyukan Nijar ke rige-rigen siminti. A 2018 da 2019 Mariam Issoufou ta yi aiki ƙarƙashin jagorancin David Adjaye a shirin kamfanin Rolex na haɗa gwani da mai tasowa, a 2019 ta karɓi kyautar Yarima Claus ta Holan, a 2022 kuma ta zama farfesa a makarantar ETH ta Zurik. Daga baya manyan ayyuka suka zo mata daga Laberiya da Senegal. Haka labarin Francis Kéré na Burkina Faso yake: makarantar ƙauyensu Gando ta 2001 ta kai shi ga kyautar Pritzker a 2022, amma ta hanyar Jamus. Idan sai baƙo ya yaba sannan ɗan gida zai ga darajar abin gida, to matashin da ba shi da hanyar fita waje yana cikin tsaka mai wuya.

Na biyu, a duk lokacin da ake zancen irin waɗannan gine-gine, sunan mai zane ne ke fita, magina sai a ambace su a jimlace. A tsohon tsari, yaron magini ya san ranar da zai zama ubangidan kansa. A sabon tsari, maginin da ya koyar da mai difloma yana nan a matsayin ɗan ƙwadago, kuma matashin da ya yi shekaru yana zane a ofishi sau da yawa ba a jin sunansa. Ƙaramin ofishin da ke son a kira shi makaranta dole ne ya riƙa yaye ɗalibai, ya kuma riƙa ambaton malamansa.

Na uku, tubalin matsi yana buƙatar inji, da ƙasa mai kyau, da ruwa, da mai sa ido. Abin da ya yi daidai da Dandaji ba lalle ne ya yi daidai da ko'ina ba.

Ma'aunin Damargu

A ɗauki Tenhiya, a arewacin Tanut, ko karkarar Belbeji wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Yanki ne na makiyaya, Buzaye da Fulani, tare da manoman gero ta kudu. Ruwan sama kaɗan ne, rairayi ya yi yawa, ruwan rijiya kuwa mutum da dabba ke rabawa. Icen rufi yana da tsada, siminti da ƙarfe sai an ɗauko su daga nesa. Da yawa daga cikin mazauna yankin gidansu bukka ce ko tanti, wanda mata ke kafawa su kuma kwance, kuma wannan ma ilimin gini ne mai lissafin iska da inuwa, ko da yake ba a koyar da shi a Lome.

Buƙatar irin wannan wuri ba boyayya ba ce ga malamai: aji, da gidan malami, da ɗakin shan magani, da rumbun tsimi. Ƴan Nijar ba su manta da 2021 ba, shekarar da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai cikin watan Afrilu, yara aƙalla 20 suka rasu, sannan a Maraɗi cikin watan Nuwamba, yara aƙalla 25 suka rasu. Aji mai araha, mai sanyi, wanda wuta ba ta ci, shi ne babbar jarrabawar mai zanen gini a ƙasar nan. Akwai ma tushen da za a ɗora a kai, domin tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta soma koyar da maginan Nijar ginin da ba ya buƙatar ice, inda ake rufe ɗaki da baka da ƙubba na tubalin ƙasa zalla. Matashin da ya iya haɗa wannan fasaha da zane mai kyau, ya kuma shawo kan magajin gari da iyayen yara, ya girma a sana'arsa ko da babu mujallar waje da ta buga hotonsa.

Kammalawa

Hikma gini ne mai kyau, ya kuma tabbatar da cewa ƙaramin ofishi na iya haifar da babban aiki idan mai difloma ya yarda ya zauna gaban magini. Abin da bai tabbatar ba tukuna shi ne ko wannan hanya za ta buɗe ga ɗan talaka, ta kuma kai ga wuraren da ba a raba kyauta. A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suna da rawar takawa. Ana iya kai ɗalibai unguwar Birni ta Damagaram su auna zaure su zana shi. Ana iya gayyatar tsohon magini cikin aji, a rubuta kalmominsa, su makuba da indararo da tulluwa, tun kafin su ɓace. Ana iya kuma matsa wa hukumomin gari su riƙa ba matasan masu zane ƙananan ayyuka, tare da sharaɗin su yi aiki da maginan wurin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da zai gina ajin Tenhiya na gobe yana zaune yau a cikin ajin zana.