Kodin, BBC da gidajen talbijin ɗinmu: wa ya kamata ya fara kai kyamara Ɗorayi?

Mai karatu, a wannan watan bari mu ɗan jingine finafinan soyayya, mu leƙa wani nau'in fim da ba mu cika waiwaya ba, wato dokumentari: fim ɗin da babu 'yan wasa, babu ƙagaggen labari, sai abin da ke faruwa da gaske.

Wanda zan ɗauka shi ne Sweet Sweet Codeine, na sashen binciken BBC mai suna Africa Eye, wanda ya fito a ƙarshen Afrilun 2018. 'Yar jarida Ruona Meyer ce ta gabatar da shi, kuma ba daga nesa ta hango matsalar ba, domin ɗan'uwanta ya taɓa faɗawa shan maganin tarin nan mai kodin.

Babban abin da ya burge ni shi ne shirin bai tsaya a kan mashaya ba. Ya bi kwalbar ne da baya, daga bakin yaro zuwa hannun dillali, har aka ɗauki ma'aikatan kamfanonin magani da ɓoyayyiyar kyamara suna sayar da ita ta bayan fage, ba tare da takardar likita ba. Kwatanta wannan da yadda finafinanmu na Hausa suka saba taɓo shaye-shaye: yaro ya lalace, uwa ta yi kuka, malam ya yi wa'azi, sai "tammat". Mai cin ribar, wanda ke kwana a gidan bene, ba ya taɓa fitowa. Shi ya sa wa'azin ba ya tayar da hankalin kowa, shi kuwa wannan shirin ya tayar. Ranar 1 ga Mayu, 2018, ma'aikatar lafiya a ƙarƙashin Farfesa Isaac Adewole ta haramta haɗawa da shigo da maganin, sannan NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. A 2019 shirin ya shiga takarar kyautar Emmy ta duniya.

Amma fa ba a rasa nono a ruga, haka ma ba a rasa abin gyara. An nuna matasa ɗaure da mari a gidan gyaran hali na Ɗorayi a Kano, hoto mai sa tsikar jiki tashi, sai dai kusan iyakar abin da baƙo zai sani game da su ke nan. Me suke yi kafin su faɗa? Yaya aka yi mari ya zama magani a gidan hukuma? Haka kuma adadin nan na Majalisar Dattawa, wai kwalba miliyan 3 ake sha kullum a Kano da Jigawa, an maimaita shi kamar karatu. Adadi irin wannan ai tuhumarsa ake yi kafin a yaɗa shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Wanda zai iya cike wannan giɓin shi ne wanda ke zaune a garin. BBC dai tashar jama'a ce, da kuɗin lasisin da mutanen Birtaniya ke biya take rayuwa. Mu ma muna da namu: ga NTA, ga ARTV, tsohuwar CTV da gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa. Daga ofisoshinsu zuwa Ɗorayi ko kuɗin jirgi ba a buƙata. Kuma ba baƙi ba ne mu a sana'ar. Tun 1962 ake talbijin a Kaduna, kafin nan ma iyayenmu sun kalli Baban Larai a majigi, sun koyi noman auduga, ga kuma irin su marigayi Adamu Halilu da suka yi suna a finafinan ilimantarwa.

Yanzu kuwa duba jadawalin yawancin tashoshin jihohi. Abin da ake kira dokumentari shi ne "ayyukan mai girma gwamna": titi, kwalbati, yankan kyalle, ga kiɗan yabo a ƙasa. Labaran unguwanni kuma sau da yawa sai wanda ya biya ake kai wa kyamara, shi ya sa bikin naɗin sarauta ke samun minti biyar, rijiyar burtsatsen da ta lalace ba ta samun ko ɗaya. Ba na ɗora laifin duka a kan ma'aikata, akwai ƙwararru a cikinsu. Gwamna ke naɗa shugaban tasha, shi ke sakin kuɗi, wa zai aika yaransa su tono abin da zai ɓata wa mai gida rai?

Duk da haka akwai aikin da ba ya jawo kora. Marinar Ƙofar Mata na nan, tsofaffinta na ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ganuwar Kano na zaizayewa. Ruwan masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa na kwarara inda ake noman rani. Su ma matasan da aka nuna a Ɗorayi a 2018, zan so in ga tashar gida ta nemi waɗanda suka yarda su yi magana, ta zauna da su da Hausa, su faɗa mana abin da suka koma sha bayan an hana kodin.