Tsofaffin CCC sun yi magana, amma su wa aka tambaya?

A darasin kwafe magana daga kaset ne na fara cin karo da muryoyin tsofaffin CCC, wato rundunar aikin daji da shugaba Roosevelt ya kafa a Amurka a 1933, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe. Kafin a rufe ta a 1942, samari wajen miliyan 3 sun shige ta. Suna dashen itace, suna kashe gobarar daji, suna tare zaizayar ƙasa. Albashi dala 30 a wata, 25 kai tsaye ake aika ma iyaye.

Hirarrakin akwai daɗi, wannan ba na musu. Tsoho zai gaya maka yadda ya ji ranar da ya fara cin abinci sau uku a yini, abin da rahoton gwamnati ba ya rubutawa.

To amma da na saurari da dama, sai na ji kusan bakinsu ɗaya: sansani ya maishe su mutane, shi ke nan. Anan na tsaya. Waɗanda na saurara an ɗauki muryoyinsu ne bayan shekara 40 ko fiye, kuma ƙungiyar tsofaffin ma sai a 1977 aka kafa ta. Wa ke zuwa taron tsofaffin abokai? Ai wanda ya ji daɗin zaman. Ina wanda ya gudu da dare, alhali an samu masu gudu da yawa? Baƙaƙen fata fa, da aka ware ma sansanoni daban tun 1935? Muryarsu kaɗan ce cikin abin da na ji. Uwar da ta riƙe gida da dala 25 ɗin nan, ban ji ta ba sam.

Abu na biyu ya shafi fanninmu. In ka gwama kaset da rubutunsa, sai ka tarar an share inda tsoho ya yi shiru ko ya canza magana. Sau da yawa nan ne gaskiyar take.

Mu ma muna da irinsu. Aikin gyaran ƙasa na Keita ya fara a 1984, mata da yawa sun ɗauki duwatsu ana biyansu da abinci. Yanzu sun tsufa. In za mu je da wayoyinmu, kada mu tsaya ga wadda mai gari ya nuna mana. Mu nemi wadda ta bar aikin, mu tambaye ta dalili, mu bar shirunta a cikin rubutun.