Jinjina ga Ungozomomin Nguru da Gashuwa

Haƙiƙa, idan ana lissafin ma'abota ihsani a ƙasar Nguru da Bade, wajibi ne a gabatar da ungozomomin asibiti, waɗanda, bayan sun karɓi haihuwa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ko a babban asibitin Gashuwa, sukan ɗinke ƙarin da mai jego ta samu, alhali suna suturta ta kamar 'yar cikinsu. Zaren ɗinkin yakan narke da kansa cikin 'yan makonni, amma kafin nan ba su gushewa suna nasiha, cewa a wanke wurin da ruwa mai tsabta bayan kowane bayan gida, a tsane shi, a yawaita canja ƙunzugu muddin jinin nifasi bai ɗauke ba, kuma kada tafasasshen ruwan wankan jego ya taɓa ɗinkin. Gamsar da kakanni game da wannan na ƙarshe sai mai haƙuri, kuma Allah ya hore wa ungozomomin shi.

Ya ku magidanta, idan zazzaɓi ko wari ko mugunya ya bayyana, ku mayar da mai jego hannun ungozomomin a ranar, kada ku jira arba'in.