Masu Bin Sawun Gyambon Itacen Fain

Itacen fain, mai ganye siri-siri wanda ake samun katako da takarda daga jikinsa, yana da wata cuta da ke sa shi zubar da ƙaro ba ƙaƙƙautawa. Gyambo ne ke fitowa a reshe ko a jikin itacen, ƙaro ya yi ta dalala, ganyen da ke sama da wurin ya yi rawaya, ya koma ja, reshen ya bushe. A 1946 masana biyu, Hepting da Roth, suka fara bayyana cutar a jihar North Carolina ta Amurka. A 1986 ta ɓulla a Kalifoniya, a 1990 aka same ta a wani wurin renon dashe a Afirka ta Kudu, daga baya ta isa Chile da Sifaniya. Wata fumfuna ce ke haddasa ta, mai suna Fusarium circinatum. Yadda masu bincike ke kama ta da hujja kuwa, aiki ne da ya isa a tsaya a kalla.

Daga daji ake farawa. Mai ganda zai hangi ƙaro daga nesa ya yanke hukunci, alhali ƙwaro ma yana sa fain zubar da ƙaro, sara ma yana sa shi. Gwani sai ya matsa ya ɗaye ɓawon. Idan cutar ce, zai tarar da itacen ya jiƙe sharkaf da ƙaro, ya yi launin zuma. Ba ya yankar tsakiyar gyambon, domin can wurin ya riga ya mutu, wasu fumfunonin 'yan cin gawa sun cika shi. Bakin gyambon yake nema, daidai inda mataccen nama ya haɗu da mai rai, don nan ne cutar ke kan cin gaba. Kafin ya taɓa itace na gaba sai ya goge wuƙarsa da sifirit, kada shi da kansa ya zama mai yaɗa abin da ya zo yaƙa.

A ɗakin gwaji, ana yayyanka guntun ƙanana-ƙanana, a tsoma cikin sifirit, a tsoma cikin ruwan bilic mai rauni, sannan a ɗauraye da ruwan da aka kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinsa. Nan ma akwai awo. In an gajarta wankin, dattin waje zai tsiro ya rufe komai. In an tsawaita, har wadda ake nema a ciki sai ta mutu. Daga nan a gasa bakin hantsaki a harshen wuta, a bari ya huce, a ɗora guntayen a kan wani ɗan faranti mai murfi. A cikin farantin akwai abincin fumfuna: ruwan dankalin Turawa da sukari, an daskarar da su da aga, wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku. A rufe, a ajiye a ɗumi kamar na digiri 25, a jira.

Bayan 'yan kwanaki sai farar saƙa mai laushi ta bazu daga guntun, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi mai ratsin ja a tsakiya. Har yanzu gwani bai ce komai ba, domin dangin Fusarium suna da yawa kuma suna kama da juna. Sai ya ware ƙwayar iri guda ɗaya tak, ya rene ta ita kaɗai a sabon faranti, don ya tabbata abin da ke hannunsa ba gauraye ba ne. A ƙarƙashin madubin ƙara girma yana duba abu biyu: ƙananan ƙwayoyin irin sun taru ne dunƙule-dunƙule a kan tsinkensu maimakon su jeru a sarƙa, kuma akwai wasu zaruruwa da suka nannaɗe kamar gammo. Ko bayan ya gan su, yakan ƙara da gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ke bambance ta da 'yan uwanta na kusa.

Saura babbar hujja, bisa ƙa'idar da likitan nan Bajamushe Robert Koch ya shimfiɗa: samun ɓarawo a gidan da aka yi sata bai isa ba, sai an ga ya sake yi. Ana kaɗa ƙwayoyin irin cikin ruwa, a ƙirga yawansu a kan wani gilashi mai zanen gidaje-gidaje, domin kowane dashe ya sami daidai da na ɗan uwansa. A datse kan dashen fain mai 'yan watanni, a ɗiga ɗigo ɗaya a wurin. Wasu dasukan kuma ruwa zalla ake ɗiga musu, su zama ma'auni. Bayan makonni, a ɗauko rula a auna tsawon inda ya mutu, milimita bayan milimita, dashe bayan dashe, sannan a sake ciro fumfunar daga sabon ciwon a tabbatar ita ce dai.

Wannan awon da ke gajiyar da ido shi ne ya haifi amfani mafi girma. Da shi aka gane cewa wasu nau'o'in fain suna da juriya, wasu ba su da ita. A Afirka ta Kudu, inda cibiyar FABI ta Jami'ar Pretoria ta daɗe tana bin cutar, nau'in Pinus patula ne ke yawan mutuwa tun yana dashe. Sai aka haɗa shi aure da Pinus tecunumanii mai juriya, kuma irin da aka samu yanzu shi ake dasawa a wurare da dama. Itacen katako yakan shafe shekara 20 ko fiye kafin a sare shi, saboda haka kuskuren zaɓen iri ba ya gyaruwa a damina mai zuwa. Shi ya sa mai rular ba ya ƙiyasta lamba, ba ya tsallake dashe ko ɗaya.