Ina Mutumin Faskari a Fim ɗin Hausa?

Tun zamanin gidan kallo na kaset da janareto, har zuwa yau da matashi ke kai waya shagon masu turi a zuba masa Labarina ko Izzar So, mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna cikin masu riƙe da kasuwar Kannywood. Sai dai fuskar da suke gani a allon ba kasafai take zama tasu ba.

Masana'antar ƴar birni ce. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, Sangaya kuma ya zo a 1999 ya ƙara kafa salon soyayya da waƙa da rawa irin na Indiya. Daga nan hanya ta rabu biyu: ga fim ɗin falo da mota da ɗan gata, ga camama. Rabon mutumin karkara ya faɗa camama. Ya shigo gari da ƙullin kaya a ka, ya kasa tsallaka titi, a tuntsire da dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, gwani ne, kuma sau da yawa baƙauyen nasa ne ke yi wa ƴan birni wayo, don haka ba shi nake zargi ba. Amma manomin da ke cika kasuwar Ɗandume da masara, da makiyayin da ke kai shanu Sheme, da bashin taki, da rikicin burtali, duk ba a cika ɗaukar su abin gina labari mai nauyi ba.

Mutanen ƙasar Ayilan sun sha irin wannan. Shekara da shekaru baƙi ke zana su a matsayin mashaya masu faɗa da barkwanci. The Quiet Man, wanda John Ford ya yi a 1952, ya ƙawata ƙauyensu ƙwarai, amma da idon ɗan Amurka mai begen ƙasar kakanni. Abin ya sauya ne da gwamnati ta kafa hukumar tallafa wa fim a farkon shekarun 1980, ta buɗe tashar talabijin mai harshen Ayirish a 1996. An Cailín Ciúin na Colm Bairéad, labarin wata yarinya da aka kai riƙo gonar dangi, ya fito a 2022 da harshen nasu, ya shiga takarar Oscar a 2023. Ba fada, ba attajiri. Gona ce da rijiya da shanu.

A nan gida kuwa, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun da fim ɗin Hausa ya yi kan garkuwa da mutane. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A wannan watan ne kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta hana nuna garkuwa da mutane a fim, bisa hujjar kada matasa su koya. Hujjar ba ta banza ba ce, domin akwai masu shirya fim da za su mai da ɗan bindiga jarumi don neman masu kallo. To amma mutumin Sabuwa ba a fim ya san garkuwa ba. Kuma ana iya ba da labarin ba tare da an nuna bindiga ko ɗaya ba: uwar da ke sayar da akuyoyinta don tara kuɗin fansa, gonar da ta shekara ba huɗa, iyalin da suka koma zaman haya a Funtuwa.

Magabata ba su ji tsoron wannan jigo ba. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya mai da shi fim a 1976, labarin yaro ne da aka sace da uwar da ta ratsa hamada tana nemansa, kuma da kuɗin gwamnatin tarayya aka yi shi.