Masu Bin Sawun Maɓalli

Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello yana da kalmar sirri ta shafin makaranta, da ta imel, da ta banki, da wadda ya buɗe tun zamanin JAMB, ranar da ya gama kuma NYSC za ta nemi tata. Na malaminsa sun fi haka yawa: ga ta albashi, ga ta fansho, ga ta mujallun da yake aika wa bincikensa. Kai ɗaya ba ya riƙe wannan duka. Wasu sai su riƙa amfani da kalma ɗaya a ko'ina, wanda ganganci ne, wasu kuma suka koma ga manhajar ajiye kalmomin sirri, irin su Bitwarden da 1Password da KeePass. Mutum ya zuba komai a taska guda, ya kulle da babbar kalma ɗaya, ita kaɗai zai haddace. Sannan ya maƙala wa burauzarsa 'yar ƙaramar manhaja, wadda masu harkar ke kira ekstenshan, ita ce mai ɗauko suna da kalmar sirri daga taska ta zuba su a shafi. A Bitwarden, in ka danne Ctrl da Shift da L tare, kafin ka ɗage yatsa gurabe sun cika.

Wanda ya saba da wannan yanke, ranar da ya danna bai ga komai ba hankalinsa tashi yake yi, kuma da dalilinsa. Kalmomin nan dogaye ne, manhajar ce ta ƙirƙire su, shi ko karanta su bai taɓa yi ba. Ga rajista za a rufe, ga kuɗi ana jiran ya tura.

A garin da jami'ar nan take, daga Dogarawa, in ka fito Kwangila ka ɗauki hanyar Samaru ta Hanwa da Palladan da Zango, ko ka nufi Sabon Gari wajen PZ, ba ka rasa shagon gyaran kwamfuta. Da yawa magani ɗaya suka sani: a wanke kwamfutar, a sake zuba Windows. Amma akwai 'yan ƙalilan, samari da 'yan mata, wasunsu ma ɗalibai ne masu neman na kashewa, waɗanda ba sa taɓa komai sai sun yi tambaya. "Malam, yaushe rabon da ya yi aiki? Me kuka sa sabo tun daga lokacin? A ko'ina ne ya ƙi, ko a shafi ɗaya?" Su nake so in yaba, domin a ganina abin da suke yi ilimi ne cikakke, ko da yake ba a ba da takardar shaida a kansa.

Tunaninsu irin na wanda ya aika saƙo Kano daga tasha ne aka ce bai isa ba. Zai fara da ɗan kamasho, ya koma kan direba, ya nemi yaron mota, har ya gano a hannun wa saƙon ya kwana. Danna maɓalli ma hannu-hannu yake bi. Daga kibod ya shiga Windows, Windows ta miƙa wa burauza, burauza ta miƙa wa ekstenshan, ita kuma ta leƙa taska ta leƙa shafi. Mai gyaran kirki yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya canza abu biyu a lokaci guda, don kada abu ya gyaru ya rasa wanne ne ya gyara shi.

Dabarar farko da ta burge ni mai sauƙi ce ƙwarai. Yakan buɗe Word ya danna maɓallan nan uku. A Word, Ctrl da Shift da L ɗigon jeri suke fitarwa. In ɗigon ya fito, to ya wanke kibod da Windows daga zargi gaba ɗaya, cikin abin da bai kai daƙiƙa goma ba. In bai fito ba, sai ya gwada Shift na dama maimakon na hagu, ya gwada ɗaya Ctrl ɗin, ko ya jona kibod na waje. Ƙurar hunturu takan shiga ƙarƙashin maɓalli ta kashe shi, kuma mai laftof na iya yin watanni bai lura ba. Akwai kuma tsofaffin ThinkPad da suka sa Fn a kusurwar hagu, daidai inda yatsa ya saba samun Ctrl, mutum yana ta danna abin da ba shi ba.

Nan ne sanin kasuwarmu yake aiki, abin da littafin kamfani ba zai koya wa kowa ba. Yawancin laftof da ke hannun mutanenmu na hannu ne, kowacce da ƙasar da ta fito. Wadda ta fito daga Ingila, alamar @ da alamar zance sun yi musayar wuri in aka kwatanta da ta Amurka. Ta Jamus ta musanya Y da Z. Ta Faransa, irin wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da ita, ta sa A a gurbin Q, ta sa Z a gurbin W, lambobinta ma sai an danne Shift. To idan abin da aka zana a jikin maɓalli daban, tsarin da aka zaɓa a Windows daban, mutum zai rantse ya rubuta babbar kalmarsa daidai, taska kuwa ta ƙi buɗewa, domin ɗigo-ɗigo yake gani, ba ya ganin harafin da ya shiga. Ƙari a kan haka, Alt da Shift suna sauya harshen rubutu a Windows, kuma yatsa kan taɓa su ba da niyya ba. Shi ya sa za ka ga idon mai gyara ya fara sauka a kusurwar allo, kusa da agogo, inda ake nuna harshen da ke aiki.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu rabon. A tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows, da Alt na dama ake fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Windows kuwa tana ɗaukar wannan Alt na dama a matsayin Ctrl da Alt a haɗe. Mutanen Folan sun sha fama da wannan, domin yanken da KeePass yake zuwa da shi Ctrl da Alt da A ne, kuma da wannan haɗin suke fitar da wani harafi nasu. Saboda irin wannan karo ne Chrome ya hana kowace ekstenshan amfani da haɗin Ctrl da Alt. Mai gyaran da ya san haka, in zai zaɓa wa marubucin Hausa sabon yanke, yakan kauce wa duk abin da zai ci karo da haruffa masu lanƙwasa. Wannan kula ce da ba kowa ke yi ba, kuma ina jin daɗinta ƙwarai.

Idan kibod lafiya amma saƙo bai isa ba, sai ya nemi wanda ya tare hanya. Akwai manhajojin da ke zaune a ɓoye suna kama maɓalli kafin ya kai ga burauza. Manhajar AMD Radeon, alal misali, ta ware Ctrl da Shift da L don wani aikin nata na auna ƙwazon na'ura. Ita ma burauzar Edge tana da aikin da take yi da waɗannan maɓallai, wato liƙa abin da aka kwafo a nemo shi. Sai ya rufe na ɓoyen ɗaya-ɗaya, yana gwadawa bayan kowanne.

Amma inda aka fi samun ɓarakar shi ne wani shafi da yawancin mutane ba su san da shi ba. A Chrome sai a rubuta chrome://extensions/shortcuts a gurbin adireshi, a Edge a sa edge a madadin chrome, a Firefox kuma a shiga about:addons a taɓa alamar saiti mai siffar giyar inji. A can aka jera kowace ekstenshan da maɓallan da aka ba ta. Ka'idar Chrome ita ce ekstenshan shawara kawai take bayarwa kan yanken da take so, kuma ba ta wuce guda 4. In wata ta riga ta kama wannan haɗin, ba za a ƙwace a ba sabuwa ba, sai a bar gurbinta fanko, kuma ba wanda zai sanar da kai. Mai gyara ya hango gurbin, ya danna alamar alƙalami, ya sake saka maɓallan. Aikin da wani zai kwana yana zuba Windows a kansa ya ƙare cikin minti ɗaya.

Saura ƙananan abubuwa da yakan duba a gurguje: ko taskar ta kulle kanta ne saboda an daɗe ba a taɓa ta ba, ko ana cikin tagar sirri ne wadda ba ta barin ekstenshan aiki sai an ba ta izini, ko ma'ajiyar da burauza take zuwa da ita ce take rige-rige da ta waje. Mai amfani da KeePassXC kuma sai uwar manhajar tana buɗe, an kuma kunna mata izinin magana da burauza.

Tsufan na'ura shi ma yana da nasa. Chrome 109, wanda ya fito a Janairun 2023, shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7 da 8.1, kuma har yanzu akwai masu irin waɗannan kwamfutoci. Burauza ta tsaya cak, ekstenshan tana ta sabuntawa, wata rana sai su daina jituwa. Ga kuma ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta. In ya mutu kwanan wata yakan koma baya, shafuka su fara ƙin buɗewa. Lambar nan mai alƙaluma 6 da ake nema a mataki na biyu, wadda ke sauyawa duk daƙiƙa 30, da agogo ake lissafa ta. Laftof da ta zo da yankin lokacin wata ƙasa, mai ita ya gyara awa da hannu bai gyara yankin ba, a ido agogonta daidai ne, amma lambar da za ta fitar ba za ta taɓa shiga ba. Wanda ya iya hango wannan ya cancanci a kira shi gwani. Wani lokacin ma laifin ba na kowa ba ne a nan: a farkon Mayun 2019 wata takardar shaida ta Mozilla ta ƙare wa'adi, ekstenshan ɗin masu amfani da Firefox suka mutu a duniya baki ɗaya, har sai da kamfanin ya fitar da gyara. Don haka yakan tambayi abokan sana'a ko su ma sun gani, kafin ya ɗora wa kwamfutar mutum laifi.

Akwai tambayar nan da ya yi tun farko, ko a shafi ɗaya ne abin ya ƙi. Ita ce mafi muhimmanci a wurina. Ekstenshan tana gwada adireshin shafin da ke gabanka da wanda aka adana a taska, in ba su dace ba ba ta zuba komai. Wani lokaci ma'aikata ce ta sauya adireshi, sai a sabunta shi a taska a wuce wurin. Wani lokaci kuwa shafin na bogi ne, an turo shi ta WhatsApp da sunan tallafi ko ɗaukar aiki, an kwaikwayi launi da tambari, an sauya harafi ɗaya a adireshi. Ido yakan ruɗu, manhaja ba ta ruɗuwa. Mai gaggawa zai buɗe taska ya kwafo kalmar da hannu ya liƙa, ya miƙa wa ɓarawo abin da manhajar ta hana shi. Gwani kuwa sai ya karanta adireshin harafi-harafi, ya tabbatar ƙarshensa abu.edu.ng ne ko jamb.gov.ng na gaskiya, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ba lalacewa ya yi ba, kare ku ya yi."

Cire ekstenshan a sake sawa shi ne matakin ƙarshe, kuma ba ya yinsa sai ya tabbatar mai abu yana tuna babbar kalmarsa, yana da hanyar samun lambar mataki na biyu, kuma abin da ke taskar ya hau intanet ko an yi masa kwafi. Dalili shi ne an gina waɗannan manhajoji ta yadda kamfanin da kansa ba ya iya buɗe taskar mutum. Da aka sace kwafin taskokin masu amfani da LastPass a 2022, abin da ya rage tsakanin ɓarayin da sirrin mutane shi ne ƙarfin babbar kalmar kowa. Wannan katangar da ke tare ɓarawo, ita za ta tare mai taskar in ya manta. Wanda aka fitar da shi daga asusunsa alhali lambar mataki na biyu tana cikin taskar da aka kulle, ya shiga halin da babu mai gyaran da zai fid da shi.

Abin da ya fi ɗaga darajarsu a idona shi ne amana. Idan aka zo wurin rubuta babbar kalma, sai ya juya wa mai ita kwamfutar ya kau da kai. In dattijo ya fara karanto masa, yakan tare shi da ladabi: "Baba, ku shigar da kanku, ba sai na ji ba." Ba ya yarda a buɗe taska a kwamfutar kafe da kowa ke hawa, kuma in ya gama yakan nuna wa mutum abin da ya taɓa, don gobe ya iya da kansa, duk da ya san hakan na rage masa ciniki. Sau da yawa kuɗin da ake ba shi kaɗan ne, saboda an ga aikin bai ɗauki lokaci ba, alhali shekarun da ya yi yana lura ne suka gajarta shi. Wannan ba adalci ba ne, ya kamata a biya shi gwargwadon abin da ya ceto.

Kai mai karatu, tun yau ka rubuta babbar kalmarka da lambar ceto ta mataki na biyu a takarda, ka adana inda kake ajiye takardun makaranta da na fili. Ranar da yankenka ya tsaya, kada ka yarda a wanke maka kwamfuta sai an buɗe shafin maɓallan nan a gabanka an duba ko gurbin fanko ne.